Asma'u: sunan da ake raɗawa, gadon da ake tauyewa

Da wuya malami ya buɗe littafin kiran suna a makarantun Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bai tarar da Asma'u a ciki ba. An rubuta wata Asmaou, wata Asma, wata Maou, gwargwadon yadda kunnen ma'aikacin da ya cika takardar haihuwa ya ji. A azuzuwan farko na firamare sunan yana da yawa. A kwaleji ya soma ƙaranci. Kafin a kai ajin ƙarshe na lise sai an yi ta duba. Sunan bai ƙare a gari ba, domin kowane mako ana yanka rago ana raɗa shi. Masu sunan ne ake cirewa daga aji ɗaya bayan ɗaya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan maganar tana da gaskiya, to uban da ya tara jama'a da sassafe, ya raba goro da dabino, ya sa liman ya ambaci Asma'u a kan ɗiyarsa, ya ɗauki alkawari a gaban shaidu, ko ya sani ko bai sani ba. Sunan yana da tarihi, tarihin kuwa na mata ne masu ilimi, masu magana, waɗanda manyan maza suka saurara. Al'ummar da ke son sunan tana ƙin abin da ke cikinsa ta yi kama da wanda ya sayi gafaka mai ado ya rataye, babu littafi ko ɗaya a ciki.

Asalin kalmar Larabci ne, kuma malaman nahawu sun daɗe da rabuwa a kanta. Wasu sun ce jam'in "ismu" ce, wato "sunaye". Wasu kuma, ana jingina wannan ra'ayi ga Sibawaihi, sun ce daga "wasama" ta fito, wato kyawun fuska, asalinta "Wasma'u" sai wawun farko ya koma hamza. Bahaushe ya karkata ga fassarar farko, shi ya sa ake yi wa Asma'u laƙabi da Husna, don tunawa da kyawawan sunayen Allah. A gida kuma a ce Ma'u, ko a saya da Nana idan sunan uwa ne ko na kaka da ba a son kamawa.

Akwai abin lura a siffar sunan kanta. Hadiza da Dije sun yi nisa da Khadija, domin bakin jama'a ya daɗe yana murza su. Asma'u kuwa ta shigo Hausa da hamzarta da rufu'arta ta ƙarshe, kamar yadda ɗalibi ke karanta ta a littafi, tafarkin Hauwa'u da Safara'u. Wannan alama ce ta cewa ta zauren malamai sunan ya biyo. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 ta tanadi alamar da ke riƙe wannan hamza. Rubutun Faransanci na takardun hukuma shi ne ya jefar da ita, ya bar yarinya da "Asmaou" har ƙarshen ranta. Ƙaramin abu ne, amma daga nan asarar take farawa: yarinyar da ba a nuna mata yadda ake rubuta sunanta daidai ba, wa zai tsaya ya gaya mata labarin masu shi?

A adabin Larabawa na kafin Musulunci, Asma'u suna ne na abar ƙauna. Harisu ɗan Hilliza da ita ya buɗe mu'allaƙarsa, a matsayin wadda za ta tashi ta bar mawaƙi da kewa. Muraƙƙish Babba kuwa ya shahara da son ɗiyar baffansa, Asma'u ɗiyar Aufu. Masu ba da labari sun ce yana tafiya neman abin aure, uban ya ba da ita ga wani mai dukiya daga wata ƙabila; da ya dawo aka nuna masa wani tudu aka ce kabarinta ne, alhali ƙasusuwan rago aka binne. A duk waɗannan waƙoƙi ana magana a kan Asma'u, ana kuka dominta, ana cinikinta, amma ita ba a jin muryarta. Wannan ita ce Asma'un jahiliyya.

Musulunci ya zo ya ba sunan wata fuska. Asma'u ɗiyar Abubakar Siddiƙu, yayar Nana A'isha, ita ce ta haɗa guzurin Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) da mahaifinta a lokacin hijira, a shekarar 622. Da ta rasa abin ɗaure jakar abinci ta tsaga ɗamararta biyu, daga nan aka yi mata laƙabi da Zatun Niɗaƙaini, mai ɗamara biyu. Abu Jahil ya zo ƙofar gida yana tambayar inda mahaifinta yake, ya mare ta, bai sami abin da yake nema ba. Ta auri Zubairu ɗan Awwam, ta haifi Abdullahi, ɗan fari da aka haifa wa masu hijira a Madina. Ta ruwaito hadisai da malamai ke karantarwa har yau. Tana da shekara kusan ɗari, idanunta sun tafi, lokacin da Hajjaju ya kewaye ɗanta a Makka a shekara ta 73 bayan hijira. Ita ce ta ƙarfafa masa zuciya, kuma bayan an kashe shi ta mayar wa Hajjaju da magana ba tare da tsoro ba. Asma'u ɗiyar Umaisu ta yi hijira zuwa Habasha tare da mijinta Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, ta sake yin wata zuwa Madina. Asma'u ɗiyar Yazidu, mutuniyar Madina, an san ta da laƙabin mai magana da yawun mata, domin ita ce ta tashi a gaban Manzo da sahabbansa ta gabatar da tambayar mata a kan rabonsu na lada. Ba a ce mata ta yi shiru ba. An yaba da kyan tambayarta.

Sai kuma Asma'un ƙasar Hausa, wadda saboda ita ne sunan ya yi jijiya a wannan yanki. An haifi Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗagel wajen 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Tagwaye aka haife su ita da Hasan. Bisa al'ada da Usaina ko Hasana za a kira ta, amma mahaifinta ya bar sunan tagwaye ya zaɓa mata Asma'u. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura tun tana yarinya. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin yaren Buzaye. Ayyukanta da suka tsira sun kai wajen sittin. Da Larabci ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Da Hausa ta tsara Godaben Gaskiya da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero mata salihai tun daga iyalan Manzo har zuwa matan zamaninta da ta sani ido da ido. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fillanci zuwa Hausa, waƙar da ke yi wa masu mulki da alƙalai gargaɗi a kan zalunci. Ta yi musayar waƙa da wasiƙa da malamai maza, har da baƙi daga Shinƙiɗi.

Babban aikinta, duk da haka, shi ne ƴan taru. Ta lura cewa matan karkara ba su da hanyar zuwa zauren malami, kuma malami ba ya zuwa gare su. Sai ta naɗa wa kowane gari shugaba mace, dattijiya mai amana, wadda ake kira jaji. Jaji takan tattaro tsofaffin mata da ƴan mata, ta jagorance su a ƙasa zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ke ɗauke da tauhidi, alwala, salla, tarihi da ladabi, su koma su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fita. Waƙa ce littafin, ƙwaƙwalwa ce allon. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin, kuma tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa.

Wannan shi ne abin da uba ke ambata idan ya ce Asma'u. To, me ake yi wa masu sunan? Binciken ƙasa a kan al'umma da lafiya na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15, kuma Maraɗi da Damagaram suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A Disamban 2017 gwamnati ta sa hannu a kan dokar kare ɗiya mace mai karatu. Doka tana takarda, amma shawarar da ke cire yarinya daga aji a zaure ake yanke ta, sau da yawa ita ba ta nan. Yarinyar da aka ƙulla maganarta a bayan idonta, saboda buhunan hatsi ko bashin da ya yi wa uba nauyi, sunan ɗiyar Abubakar aka ba ta, amma rabon ɗiyar Aufu aka yi mata.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji su ba. Suna cewa ita kanta Nana an yi mata aure da wuri, kuma ilimin addini ta yi, ba boko ba. Duka biyun gaskiya ne. Tana da ƙuruciya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma kusan duk abin da ta rubuta a gidan aure ta rubuta shi, tana da ƴaƴa, tana da baƙi, tana da hidima. Aurenta bai rufe mata littafi ba. Wanda ke kafa hujja da shekarun aurenta, sai ya nuna ɗakin karatun da ya tanadar wa amarya da lokacin da ya ware mata. Wanda kuma ke cewa ilimin addini yake so, sai a tambaye shi: ɗiyar da ya cire daga boko, wane littafi take karantawa yanzu? Ta sauke Alƙur'ani? Ta kai Ahalari, balle Risala? A mafi yawan lokuta amsar ita ce faranti a kai da safe, turmi da maraice. Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci a cikin gida, ya kuma gaya wa mata cewa biyayya ga miji ba ta zama hujjar hana su sanin addininsu. Littafin ya fi shekara ɗari biyu, kuma mutanen da yake nufi ba su ƙare ba.

Akwai kuma tsoron iyaye na karkara, wanda ya fi waccan hujja nauyi. Kwaleji tana nesa da ƙauye. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu sai ta sauka gidan wani a gari, inda takan zama ƴar aiki, ba mai sa mata ido, kuma labarin waɗanda suka dawo da abin kunya ya kai kunnen kowa. Uban da ya ji wannan tsoro ba jahili ba ne. Sai dai ita wannan matsala ce Nana ta fuskanta, nisan hanya da amanar ɗiya mace, kuma amsar da ta bayar ba rufe ƙofa ba ce. Ta samo dattijiya da gari ya yarda da ita, ta ɗora mata nauyin rakiya, ta ba ta girma a bainar jama'a. Garin da ke da Asma'u a kowace unguwa ba zai rasa jaji ɗaya ba, in ya so.

Hujja ta gaba daga wani ɓangare take fitowa, kuma a Maraɗi da Tsibiri aka fi jin ta. Ana cewa Nana ta Sakkwato ce, ɗiyar gidan da ya kori Katsinawa da Gobirawa daga biranensu. Wannan ma ba ƙarya ba ce. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Maraɗi ta zama mazaunin sarautar Katsina a ƙarƙashin Ɗan Kasawa domin birnin Katsina ya kuɓuce. A yaƙin Gawakuke na 1836 an kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda, kuma bayansa ne Gobirawa suka kafa Tsibiri. Nana ta yi waƙa ta murnar wannan nasara. Ta yaƙi bori da alƙalaminta, kuma ta rayu a cikin daular da ke riƙe da bayi, da yawansu matan da aka kamo a waɗannan yaƙe-yaƙe. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibansa wannan ya ha'ince su. Amma wanda ya tsaya a nan shi ma ya rage labarin. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, kuma ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Iyakar da ta sa Ɗagel a wata ƙasa, Maratta a wata, Ingila da Faransa ne suka ja ta bayan Nana ta daɗe a kabari. Abin da ya fi wannan: malfa da jan ƙyalle da Nana ke ɗora wa jaji ranar naɗi, alamar sarautar Innar Gobir ce. Ta ga cewa matan Gobir sun riga sun san mace mai iko da ake saurara, sai ta ari rigar ta sa wa malama. Har yau ana naɗa Inna a Tsibiri, ana naɗa Iya a Maraɗi. Ke nan ƴan taru gado ne na gidaje biyu, ilimin Ɗagel da sarautar matan Gobir. Bagobirin da ya ce babu ruwansa da shi, rabonsa ya bari.

Ƴan boko ma ba su kuɓuta ba, watakila ma laifinsu ya fi, domin su ke riƙe da alli. A tarurrukan ranar mata ana ambaton Nana Asma'u, ana kiranta da laƙubban da aka aro daga Turai, ana tafi, a tashi. A cikin masu tafin, nawa ne suka taɓa karanta baiti ɗaya nata? Ɗalibar lise ta san Ramatoulaye da Aïssatou na Mariama Bâ, tana iya rubuta shafi huɗu a kan baƙin cikinsu, kuma hakan yana da kyau. Amma ita da ake kira Asma'u ba ta san cewa mai sunanta ta yi rubutu da harshen da take magana da shi a gida ba. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ta shiga bakin kowane ɗan makaranta ne bayan Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a 1980, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. Darasin a fili yake: sunan da aka rubuta a kansa, aka koyar da shi, shi ke rayuwa. Ayyukan Nana kuwa sai da Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Sun yi aikin kirki, Allah ya saka. Abin kunya na masu gado ne, da har yanzu ɗalibin Damagaram zai fi saurin samun waƙar Hausa ta Nana a fassarar Ingilishi fiye da samunta a Hausa.

Uzurin rashin gurbi ya ƙare. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa yana buƙatar adabin da za a karanta da shi, kuma ba kowace al'umma ce ke da marubuciya mace ta ƙarni na 19 da ta bar waƙoƙi a harshenta ba. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu bai fi ƙarfinsu ba. A juya waƙoƙin Hausa na Nana daga ajami zuwa boko bisa ƙa'idar 1999, a buga su a ƙananan littattafai masu araha, da bayanin kalmomin da suka tsufa. A nemi tsofaffin mata da malaman zaure na Ƙwanni, Madawa, Tsibiri da Tasawa, a ɗauki abin da suka haddace da karinsa kafin su tafi da shi. Malamin Faransanci ya ajiye Godaben Gaskiya kusa da wasiƙar Ramatoulaye, ya bar ɗalibai su gwada su. Ƙungiyoyin iyayen yara su zaɓi matan amana da za su riƙe ƴan matan ƙauye a garuruwan kwaleji, gari ya san su, sarki ya girmama su. Ma'aikatan magajin gari kuma su koyi rubuta hamza.

Limamai da ke raɗa suna su ma suna da rabo a wannan nauyi. An san cewa Manzon Allah ya canja wa mutane sunayen da ba su dace ba, domin suna ba wasa ba ne. Liman da ya ambaci Asma'u a kan jaririya, ya yi addu'ar Allah ya raya ta, ya sa ta gaji mai sunan, babu abin da zai rage masa idan ya juya ga uban, a gaban waɗanda suka ci goro, ya gaya masa ko wace ce mai sunan da abin da ta sani. Uban da ya ji, ya kuma san ba zai bar ɗiyarsa ta yi karatu ba, sunaye ba su ƙare ba, sai ya zaɓi wani.